Ferrari sau uku a jere a Le Mans: gudu ne ko tiya ce?

Lahadi, 15 ga Yuni 2025, bayan La'asar

Sani Makanike: Salamu alaikum jama'a. To an gama. Ferrari ta sake ɗaukar Le Mans, tseren motocin nan na awa 24 da ake yi a Faransa, uku ke nan a jere, 2023, 2024, 2025. Tun ƙarfe uku na ranar Asabar nake gaban tele, da wuta ta ɗauke cikin dare har janareta na tayar, ashe abin da aka riga aka rubuta a ofis shi na hana idona barci a kai.

Ibro: Wa alaikumus salam Maigida. Haƙuri za ka yi. Jiya a garaji kai ka ce in Toyota ba ta ci ba a daina kiran ka Sani. To wane suna za mu sa maka?

Sani Makanike: Kai yaro, ka kiyaye ni. Ni na koya maka riƙon sifana.

Ibro: Tuba nake. Amma fa motar da ta ci, lamba 83 mai ruwan ɗorawa, ba ta cikin biyun nan ja na kamfani. Kuma dubi wanda ya kai ta ƙarshe, Robert Kubica, mutumin da hannunsa na dama ya kusa tafiya a haɗarin rali na 2011. Shi ne ɗan Polan na farko da ya ci tseren nan, abokinsa Yifei Ye ɗan Sin na farko. Wannan ma ofis ne ya rubuta?

Alhaji Mamman Tawa: Ku dakata min. Ni tsoho ne, abin da na sani na tsere shi ne zamanin da Paris-Dakar ke ratsa Agadas, mu tsaya bakin hanya muna shan ƙura. Wane ofis kuke ta faɗi? Ba wanda ya riga isa ne ya ci ba?

Rakiya: Baba Alhaji, wanda ya fi yawan zagaye cikin awa 24 shi ne ya ci, wannan bai canza ba. Abin da Yaya Sani ke nufi shi ne BoP, dokar daidaita ƙarfin motoci. ACO, ƙungiyar da ke shirya Le Mans tun 1923, ita da FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, suke fitar da takarda kafin tsere. Takardar ce ke gaya wa kowace mota nauyin da za ta ɗauka, ƙarfin da injinta zai bayar, da yawan makamashin da za ta kashe tsakanin shan mai da shan mai. Manyan motocin ba a yarda su gaza kilo 1,030 ba, ƙarfinsu kuma wajen kilowat 500 ne, kusan ƙarfin doki 670. Daga nan sai a ƙara wa wannan, a rage wa waccan. Akwai na'ura a jikin sandar da ke juya taya, tana auna ƙarfin da ke fita a kowane lokaci, in ka haura abin da aka yanka maka hukunci ne.

Alhaji Mamman Tawa: Ikon Allah. Wato in motarka ta fi gudu sai a aza mata kaya?

Rakiya: Kusan haka ne Baba.

Alhaji Mamman Tawa: To mu a tasha wannan sunanshi mugunta.

Sani Makanike: Alhaji ka gama magana. Bari in ba ka tarihin, don Ibro yana firamare lokacin da muka fara kallon abin nan. A 2023 Toyota ta ci tsere uku na farkon shekara, Sebring, Portimao da Spa. An riga an shaida wa kowa cewa lissafin da aka yi zai tsaya har a wuce Le Mans. Saura kwana goma ko makamancin haka, sai ga sabuwar takarda: Toyota ƙarin kilo 37, Ferrari 24, Cadillac 11, Porsche 3. Ana fafe gora ranar tafiya? Sannan dokar hana ɗumama taya da aka kafa a shekarar, wadda Ferrari ke shan wuya da ita, aka ɗage ta don Le Mans kawai. Ferrari ta ci a bikin cika shekara ɗari, karo na farko tun 1965. Da aka bar Le Mans Toyota ta koma ta cinye Monza, Fuji da Bahrain. Shida cikin bakwai, ɗayan da ta rasa shi ne wanda duniya ke kallo. Biri bai yi kama da mutum ba?

Ibro: Maigida kilo 37 fa. Ko buhun siminti bai kai ba.

Sani Makanike: Bido ɗaya da rabi na ruwa ke nan. Gobe zan ɗaura maka shi a bayan mashin ka je Harobanda ka dawo, ka gaya min ko birki bai canza ba. Wannan kuma mota ce da ke wuce kilomita 300 a awa ta taka birki, ta sake tashi, zagaye 342 a shekarar, kowane zagaye kilomita 13.6. Nauyi taya yake ci, birki yake ci, ba gudu kaɗai ba.

Rakiya: Yaya Sani, gyara kaɗan. Abin da ya shiga tsakaninsu kilo 13 ne, tunda Ferrari ma an aza mata 24. Kuma kar mu manta da Ryo Hirakawa, direban Toyota. Saura ƙasa da awa biyu yana bin Ferrari a kusa, ya zo kwanar Arnage birki ya kwace masa, ya daki shinge gaba da baya. Sakan 81 ne tsakaninsu a ƙarshe. Ba ACO ta juya masa sitiyari ba.

Sani Makanike: Me ya sa ya taka har ya kwace? Don an ce masa ya kamo motar da aka sauƙaƙa wa. Raba sakan 81 gida 342 ki gani, ko rubu'in sakan bai cika ba a zagaye. Kilo 13 ba zai ci wannan ba?

Rakiya: Lissafin ba ya tafiya haka, don duk sanda motar tsaro ta fito ana sake tattara su wuri ɗaya, ratar da aka tara ta goge. Amma na yarda da kai a abu guda, canza doka dab da tsere bayan an ce ba za a canza ba, ba shi da kyan gani. Akio Toyoda, shugaban kamfanin Toyota, da kansa ya nuna ɓacin ransa, ya ce siyasa ce ta kayar da su.

Malam Lawali: Assalamu alaikum. Na karanta duk abin da kunka rubuta. Ni ba ni da mota cikin wagga gardama, kokowa ta gina ni. Tun da anka fara gasar takobi nan Tawa a 1975, an taɓa kawo sikeli fili? Jiha takwas, kowace da ƴan kokowarta goma, ƙato da ɗan tsamurmuri duk fili ɗaya. Issaka Issaka na Doso ya ɗauki takobi ya sake ɗauka ya sake ɗauka, wa ya ce a ɗaura mishi buhun gero ga baya don na Tawa su samu? In anka yi haka, wanda ya kada shi mi ya kada? Gero ya kada.

Ibro: Malam, mutum daban mota daban. Issaka ba a masana'anta aka ƙera shi ba.

Malam Lawali: Horo fa? Abinci fa? Wani da mai gida bayanshi, wani daga gona ya taho.

Rakiya: Malam, bambancin shi ne a kokowa ko an kayar da kai shekara goma, baɗi za ka dawo, don ba abin da ka kashe sai ƙarfinka. A can kamfani ne ke zuba kuɗi na fitar hankali, in ya ga ba ya ci sai ya naɗe tabarmarsa. An gani ai. Audi ta fita ƙarshen 2016, Porsche ta bi ta ƙarshen 2017. Daga 2018 Toyota kusan ita kaɗai ce babban kamfani a ajin sama, tana tsere da ƴan ƙananan ƙungiyoyi masu zaman kansu. Ta ci biyar a jere har 2022. Yaya Sani, tsakani da Allah, a waɗannan shekarun ka kwana gaban tele?

Sani Makanike: Na kwana a 2018, don abin da ya same mu a 2016 bai bar raina ba. Nakajima na Toyota na gaba, saura minti uku da ƴan kai, mota ta mutu a gaban jama'a, Porsche ta wuce. Ranar ko tuwo ban ci ba.

Rakiya: Sauran huɗun fa?

Sani Makanike: Nakan duba da safe.

Ibro: Allahu akbar, gaskiya ta fito!

Rakiya: To ka gani. Yau motoci 21 suka tashi a ajin sama, kamfani takwas: Ferrari, Toyota, Porsche, Cadillac, BMW, Alpine, Peugeot da Aston Martin. Ba wanda zai shigo cikinsu in ba a yi masa alkawarin cewa mai kuɗin da ya fi shi ba zai bar shi da zagaye goma ba. Kuma motocin ba iri ɗaya ba ne ko kaɗan. Ferrari, Toyota da Peugeot su suka ƙera nasu tun daga tushe, da injin lantarki a tayoyin gaba. Porsche, Cadillac, BMW da Alpine gangar jiki suke saya wurin ɗaya daga kamfanoni huɗu, Oreca, Dallara, Ligier ko Multimatic, su sa injinsu, lantarkin kuma iri ɗaya ne ga kowa, a baya. Aston Martin ma ba ta da lantarki sam, silinda 12 ce zalla. Ta yaya za ka haɗa doki da raƙumi da alfadari a sukuwa ɗaya ba ka taɓa komai ba?

Malam Lawali: Sai kowa ya yi sukuwa da jinsinshi, ɗiyata. Ga In-Gall ba a haɗa raƙumi da doki.

Rakiya: In aka raba su Malam, kowane fili mota huɗu za ka gani.

Mutari daga Liyon: Gaisuwa ga manya. Yanzu na samu wurin zama a jirgin ƙasa, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Ni dai a can na kwana, cikin ciyawa kusa da kwanar Tertre Rouge, da ɗan bargona da biredi. Abin da tele ba ta kawo muku shi ne ƙara. Wajen ƙarfe uku na dare, ido a rufe, kana iya faɗin motar da ta wuce. Cadillac a ƙirji kake jin ta, kamar an buga ganga a cikin ɗaki. Aston Martin kuwa kuka take, siriri, har cikin haƙori. Wani tsoho Bafaranshe da ke kusa da ni, da ƴar rediyonsa a kunne, duk sanda Peugeot ta wuce sai ya girgiza kai ya yi tsaki. Ban ga wanda ya tashi ya tafi don an ce akwai BoP ba.

Alhaji Mamman Tawa: Sannu Mutari, Allah ya kai ka gida lafiya. Ka ambaci Peugeot ka taɓo ni. Shekara goma sha ɗaya ina jan 504 tsakanin Tawa da Ƙonni, fasinja tara da kayansu da akuya bisa, ba ta taɓa kwana da ni a daji ba. To tambaya nake. Masu riƙe da tiyar nan Faransawa ne, Peugeot tasu ce, Alpine tasu ce. In son kai ne, mi ya hana su auna wa nasu? Don mi za su ba ɗan Italiya?

Sani Makanike: Alhaji, Ferrari ita ce ke kawo kallo. Jar mota in ta ci, duniya duka ta ji. Peugeot in ta ci, Faransa ce kawai za ta yi murna, sai kai.

Alhaji Mamman Tawa: Ni ma ai mutum ne.

Rakiya: Tambayar Baba tana da nauyi fa. Peugeot rabonta da cin Le Mans tun 2009. Ta zo a 2022 da mota marar fiffiken baya, dabara ce da ba wanda ya yi irinta a ajin, ba ta yi aiki yadda suka so ba, a 2024 dole suka sa fiffike. Duk sassaucin da za a yi maka, takarda ba ta gyara motar da ke cin taya, ba ta hana makanike kuskure. Yau ma Toyota lamba 8 tayar gaba ce ta fita bayan ta baro wurin gyara. Cadillac ita ta kama layin gaba duka biyu a gwajin gudun da ke tsara wurin tashi, da aka shiga tsere ta kasa riƙewa.

Sani Makanike: Wannan na Cadillac shi ne ma abin da nake faɗi. Zagaye ɗaya kowa na iya yi. A doguwar hanyar nan ta Hunaudières ake gane wanda aka sakar wa linzami, kuma Ferrari wuce mutane take kamar suna tsaye. Ba tun 2024 aka ce an kawo wani lissafi na daban don gudun da ya haura kilomita 250 ba? Ina amfaninsa?

Rakiya: An kawo. Ana iya ƙara wa mota ƙarfi ko a rage mata daga 250 zuwa sama, don a daidaita su a miƙaƙƙiyar hanya. Amma Porsche lamba 6 daga can ƙarshen ajin ta tashi, an soke mata gwaji don ta gaza nauyi, ta ƙare ta biyu da ratar sakan 14 bayan zagaye 387. A 2024 ma kusan sakan 14 ne tsakanin Ferrari da Toyota, alhali ƙofar Ferrari ta buɗe sai da aka kira direbanta Nielsen ya shigo a rufe, ya ƙarasa yana lallaɓa mai. In rubutawa ake yi a ofis, marubucin nan gwani ne.

Ibro: Anti Rakiya Allah ya ƙara ilimi. Maigida, akwai kuma masu ɓoye gudu. Ka tuna labarin Ford da ka ba ni da kanka?

Sani Makanike: Na tuna. 2016, a ajin GT, na motocin da suka yi kama da na kan titi. Duk farkon shekara suna tafiya lumbu-lumbu, ana tausaya musu, da aka zo gwajin Le Mans sai ga su sun tashi kamar an kunce su. Sai da aka sake taɓa lissafi bayan gwaji, duk da haka suka ci, daidai shekara 50 da cinsu na 1966. To wannan ai hujjata ce ba taka ba. Dokar da ke koya wa mutum ya yi kamar gurgu don a rage masa kaya, wace irin doka ce?

Malam Lawali: Nan kam Sani ya yi gaskiya. Ɗan kokowar da ya san in ya nuna ƙarfinshi za a hukunta shi, ƙarya za ya koya.

Rakiya: Ni abin da ya fi damuna ba kilo ba ne. Akwai sharaɗi a dokar gasar da ya hana direba ko shugaban ƙungiya fitowa ya yi maganar da za ta matsa wa masu BoP. A 2024 wani babba a Toyota, Rob Leupen, ya yi ƙorafi a jarida kan rashin bayyana yadda ake lissafin, aka yanka musu tarar Yuro 10,000, aka jingine ta da sharaɗin kar a sake. Shi ya sa za ka ga ɗan jarida ya tambayi direba me ya hana ku gudu, ya yi murmushi ya ce ba zan iya magana a kai ba.

Alhaji Mamman Tawa: A doke ka a hana ka kuka.

Rakiya: Shi ke nan Baba. Kai da ka san kasuwar hatsi, in mai awo ya juya maka baya yana auna gero, ko tiyarsa cikakkiya ce, za ka yarda?

Alhaji Mamman Tawa: Ko ɗan'uwana ne sai na leƙa. A kasuwar Tawa na taɓa kama wani da ya bubbuge gindin tiya ya shiga ciki, in ka duba daga sama lafiya lau. Tun ranar, tiyata nake zuwa da ita cikin buhu.

Sani Makanike: To mu ba mu da tiyar da za mu zo da ita. Lambobi ake fito mana da su, ba a ce ga yadda aka same su ba filla-filla. Ni ban ce Kubica bai iya tuƙi ba, ya iya. Cewa nake Ferrari ta ci Katar, ta ci Imola, ta ci Spa a bana, ta zo ta ci wannan. A 2023 da Toyota ta yi haka, kaya aka aza mata ana gobe sallah. Bana wa aka aza wa?

Rakiya: Le Mans lissafinta daban ake yi da na sauran tseren, don hanyar ba irin tasu ba ce. Amma ba zan ce maka amsar ta gamsar da ni ba.

Mutari daga Liyon: Caji na ya kusa ƙarewa. Hotuna sai na isa.

Talata da safe

Sani Makanike: Ibro! Ina kake? Fito. Kun ga labari? An kori Ferrari lamba 50 daga sakamako, wadda ta zo ta huɗu. Da aka duba ta bayan tsere an tarar kusoshi sun ɓace a maƙalin fiffiken baya, fiffiken yana lanƙwasa fiye da yadda doka ta yarda. Fiffike in ya kwanta a miƙaƙƙiyar hanya me yake ƙarawa? Gudu.

Ibro: Ina kwana Maigida. To ai ka ga ba ƴan gata ba ne. Da ofis na son su da an rufe ido.

Sani Makanike: Ta huɗu aka kora, ba ta ɗaya ba. Wa ya damu da ta huɗu?

Rakiya: An duba lamba 83 da lamba 51 su ma, sun tsallake. Toyota lamba 7 ta hau mataki ɗaya, ta koma ta biyar. Barka Yaya Sani.

Sani Makanike: Ta biyar. Allah ya kyauta.

Malam Lawali: Alhaji, in za ka shigo Yamai satin nan ka taho min da kilishi, na wurin mutumin nan na bakin tasha.

Alhaji Mamman Tawa: Sai Alhamis in Allah ya so. Sani, zan kawo maka Hilux ɗin nan, giya ta uku tana fita da kanta in na hau tudu.

Sani Makanike: Kawo ta Alhaji. Ibro, ƙarfe takwas ta wuce kana nan kana rubutu. Motar likitan nan tana kan jak tun jiya, kuma ka zo min da sifana mai lamba 17 da ka tafi da ita gida.